Majigi Ya Dawo Aji: Yadda A Ke Ɗora VLC A Kan Linux

Dattawan da suka yi wayo kafin samun mulkin kai a 1960 ba su manta da motar majigi ba. Ta kan iso gari da la'asar, sanƙira ya zaga ya yi shela, bayan sallar lisha a kafa farin allo a ƙofar gidan hakimi, a ta da inji, jama'a su taru manya da yara. Sai a nuna yadda a ke gyaran rijiya, ko yadda sauro ke kawo zazzaɓi, ko yadda a ke ware auduga mai kyau daga maras kyau, ga mai bayani tsaye da lasifika yana fassara wa mutane abin da idonsu ke gani. Tun a 1939 Gwamnatin Ingila ta kafa ma'aikata musamman don shirya irin waɗannan finafinai saboda ƙasashen da ta ke mulka. Dalilin wannan ɗawainiya kuwa ba ɓoyayye ba ne, gani ya kori ji.

A wancan zamani, kafin a nuna fim guda sai an sami mota da direba, da injin wuta, da mai juya na'ura, da gwangwanayen fim masu nauyi. Yau kuwa kwamfuta guda a bisa teburin malami ta ishi wannan aiki duka. Amma in mutum ya zaga makarantu da ofisoshi sai ya tarar da kwamfutoci a kusurwa an lulluɓe su da zane, ƙura ta rufe su, wai sun tsufa, ko kuwa wai bidiyo ya ƙi buɗuwa a kansu. Nufinmu a nan mu nuna wa malaman makaranta da malaman ofis cewa da hannunsu za su iya mai da irin wannan kwamfuta majigin aji, ba tare da an kashe ko kwabo wajen sayen manhaja ba, ba kuma tare da an taɓa kayan sata ba. Sharaɗin guda biyu ne: a san inda za a ɗauko manhajar, a kuma san abin da ke hana bidiyo buɗuwa.

DALILIN DA YA SA MAGANAR TA TASO

Kowace kwamfuta tana da uwar manhaja, watau wadda ke tashi da fari in an kunna, ita ce kuma ke riƙe da sauran. Galibin kwamfutocin da ke hannunmu Windows ne a kansu, na kamfanin Microsoft. Ran 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin ya daina aiko wa Windows 10 da gyare-gyaren tsaro na yau da kullum, sai ga wanda ya shiga wani shiri na ƙarin wa'adi. Windows 11 da ya gaje shi kuwa ba ya yarda da tsofaffin kwamfutoci da yawa, ko da lafiyarsu ƙalau, domin yana neman waɗansu kayan ciki da ba a sa musu ba.

To, makarantar da ke da irin waɗannan kwamfutoci hanya uku ce a gabanta. Ko ta sayi sababbi, alhali kuwa ko kuɗin alli da kujeru sai an yi ta faman nema. Ko ta kai su kasuwa a ɗura musu manhajar da aka fasa wa kulle, wadda ba wanda ya san abin da aka cusa a cikinta, ga shi kuma haƙƙin wani ne aka ci. Ko kuwa ta sauya uwar manhajar da wadda masu ita suka yarda kowa ya ɗauka. Wannan ta uku ita ce Linux.

MENE NE LINUX?

Mun san mai karatu zai ce banza ba ta kai zomo kasuwa, me zai sa mutum ya yi wahalar ƙera abu ya ba duniya kyauta? Tambaya ce mai kyau, ga kuma amsarta. A 1983 wani masani a Amurka, Richard Stallman, ya yi shelar zai gina uwar manhaja wadda kowa ke da ikon amfani da ita, da duba yadda aka rubuta ta, da gyara ta, da rarraba ta ga wanda ya so. Ya sa wa aikin suna GNU. A 1991 wani ɗalibi a jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar da ke haɗa manhaja da ƙarfen kwamfuta, aka kira ta Linux. Da aka gama biyun nan sai aka sami cikakkiyar uwar manhaja. Lasisin da ke kanta ya ce kowa ya ɗauka, amma wanda ya gyara ya rarraba, tilas ya bar gyaransa a buɗe don na baya su amfana. Kamar rijiyar gari ke nan, kowa ya ja ruwa, wanda ya yashe ta kuwa ba shi da ikon sa mata ƙofa. Manyan kamfanoni suna biyan ma'aikata su yi mata hidima domin su ma da ita su ke sana'a, hasali ma wayoyin Android da ke aljihunmu a kan zuciyar Linux aka gina su.

Linux iri-iri ce, kamar yadda dawa ta ke da kaura da farfara. Akwai Debian, wadda Ian Murdock ya fara a 1993. Daga jikinta aka fid da Ubuntu a watan Oktoba na 2004, da kuɗin wani attajiri na Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, sunan kuwa daga harsunan Zulu da Kosa ya fito, ma'anarsa ta yi kusa da abin da mu ke kira mutunci. Daga jikin Ubuntu kuma aka fid da Linux Mint a 2006. Ga wanda ya saba da Windows, Mint ta fi sauƙin sabo, masu ita kuma sun ce gigabait 2 na ƙwaƙwalwar aiki da gigabait 20 na ma'ajiya sun isa a ɗora ta, ko da ya ke gigabait 4 na ƙwaƙwalwa ya fi daɗin aiki. Ana iya zuba ta a filashi a ta da kwamfuta da ita a gwada, ba tare da an taɓa abin da ke ciki ba. Amma ranar da za a ɗora ta sosai, wajibi ne a fara kwashe takardun ofis da sakamakon jarrabawa zuwa wani wuri, don ɗorawar na iya shafe kome.

MENE NE VLC?

VLC manhaja ce ta kallon bidiyo da sauraron murya. Asalinta aikin ɗalibai ne a wata babbar makarantar injiniyoyi kusa da birnin Faris na ƙasar Faransa, wadda a lokacin a ke kira École Centrale. A 1996 suka fara, suna neman hanyar aika bidiyo daga ɗaki zuwa ɗaki ta wayoyin kwamfutocin makarantarsu. Ran 1 ga Fabrairu, 2001, hukumar makarantar ta yarda aka saki aikin ga duniya da irin lasisin da muka ambata. Tun 2009 wata ƙungiya da ba ta neman riba, mai suna VideoLAN, ita ke riƙe da shi, shugabanta kuwa Jean-Baptiste Kempf. A watan Janairu na 2025 ƙungiyar ta ba da sanarwa cewa an sauke VLC fiye da sau biliyan 6. Alamarta ita ce ɗan mazurarin nan mai ruwan lemo da ratsin fari, irin wanda ma'aikatan hanya ke jerawa a kan titi.

Ba VLC kaɗai ke akwai ba. Mint tana zuwa da tata mai suna Celluloid, akwai kuma mpv wadda gwanaye ke so don rashin nauyinta. Abin da ya sa muka zaɓi VLC abu uku ne. Ba ta sa talla, saboda haka ba wani hoton banza da zai faɗo a gaban yara ana tsakiyar darasi. Tana nan a kan Windows da wayoyin hannu, wanda ya koye ta a wuri guda ya koya ke nan. Na uku kuwa, wanda ya fi duka, tana zuwa da masu fassararta a cikin jakarta. Wannan magana tana bukatar bayani.

ABIN DA KE HANA BIDIYO BUƊUWA

Bidiyo ba wani abu ba ne illa hotuna da a ke jerawa da sauri har ido ya ɗauka motsi ne. Bari mu yi ɗan lissafi irin na aji. Hoto guda mai faɗin ɗigo 1920 da tsawon ɗigo 1080 yana da ɗigo 2,073,600. Kowane ɗigo yana cin bait 3 don a san launinsa, watau hoto guda ya haura megabait 6. In ana nuna hoto 25 a daƙiƙa guda, kowace daƙiƙa ta ci wajen megabait 155, minti guda ya haura gigabait 9, darasin minti 40 kuwa ya kai wajen gigabait 373. Ba filashin malamin da zai ɗauki wannan.

Saboda haka sai masana suka fid da dabarun matse bidiyo. Babbar dabarar ita ce, in mutum yana magana a gaban bango, ba a sake zana bangon sau 25 a daƙiƙa, sai a ajiye shi sau guda, a riƙa rubuta abin da ya sāke kawai, kamar leɓe da hannu. Da wannan, da watsar da abin da ido ba ya lura da shi, darasin nan na minti 40 sai ya dawo gigabait 1 ko 2, ko ma ƙasa da haka. Kowace dabara ta matsewa da warwarewa ana ce da ita kodek. Akwai H.264 ta 2003, wadda ta fi kowace yaɗuwa, da H.265 ta 2013, wadda ta fi matsewa amma ta fi wahal da kwamfuta, da AV1 ta 2018.

Haruffan da mu ke gani a ƙarshen sunan fayil, kamar MP4 ko MKV ko AVI, ba su ne kodek ba, mazubi ne kurum. Malaman ofis za su gane wannan da sauri. Mazubi shi ne ambulan, kodek kuwa shi ne harshen da aka rubuta takardar da ke ciki. Ambulan biyu na iya zama iri guda, amma ɗaya takardar Hausa ce, ɗaya ta Larabci. Shi ya sa MP4 guda ya kan buɗu, ɗan'uwansa ya ƙi, ko kuwa hoto ya fito murya ta ƙi, don hoto da murya kowanne da harshensa.

Waɗansu daga cikin kodek ɗin nan kamfanoni sun yi musu rajistar mallakar ƙira, a ƙasashe irin su Amurka kuwa mai rarraba su na iya shiga shari'a. Wa'adin irin wannan rajista ya kan ƙare, kamar yadda na MP3 ya ƙare a 2017, amma kafin ya ƙare waɗansu masu rarraba Linux su kan ƙi haɗa su tun da fari. Wannan shi ne asalin kukan nan na cewa Linux ba ta buɗe bidiyo. Ba gazawa ba ce, tafinta ne ba a ɗauko ba. VLC kuwa tana dogara da wani babban tarin kodek mai suna FFmpeg, wanda wani Bafaranshe, Fabrice Bellard, ya fara a 2000, in an ɗora ta sai su zo tare.

YADDA A KE ƊORA TA

A nan ne wanda ya saba da Windows ya kan yi tuntuɓe. Al'adarsa ita ce ya shiga intanet ya rubuta sunan manhaja, ya danna abin da ya fara fitowa. A Linux ba haka a ke yi ba. Kowace irin Linux tana da rumbunta, inda aka tara dubban manhajoji da aka duba, aka buga wa kowace hatimi na lissafi. Kafin kwamfuta ta karɓi wani abu daga rumbu sai ta gwada hatimin, kamar yadda akawu ke duba hatimi da sa hannu kafin ya yarda da takarda. In an sāke ko harafi guda a hanya, hatimi ba zai dace ba, sai ta ƙi karɓa. Akwai kuwa mazambata da ke kafa shafuna da sunan VLC suna raba gurɓatacciya. Saboda haka a riƙe wannan doka: daga rumbu a ke ɗauko manhaja, ba daga tsintuwa ba. In ana neman ƙarin bayani, shafin masu ita shi ne videolan.org.

Hanya ta fari ita ce ta linzami. A Mint a buɗe abin da aka rubuta wa Software Manager, a Ubuntu kuwa App Center. A rubuta VLC a wurin nema, in mazurarin nan ya fito a danna Install, a ba da kalmar sirri, a jira.

Hanya ta biyu ita ce ta rubutu, mun kuwa fi son malamai su koye ta, don ba ta cika sākewa ba, kuma in abu ya ƙi tana faɗin dalili. A danne maɓallan Ctrl da Alt da T gaba ɗaya. Wani baƙin allo zai buɗe, shi a ke kira taminal. Kada baƙinsa ya ba kowa tsoro. A rubuta wannan da ƙananan haruffa, a danna Enter:

sudo apt update

Kalmar sudo ma'anarta ana neman yin aiki da ikon mai gida, don haka za a tambayi kalmar sirri. Sa'ad da a ke buga ta, a waɗansu ire-iren Linux ba abin da zai bayyana a allo, ko ɗigo. Da gangan aka yi haka saboda na tsaye a baya. A buga ta daidai a danna Enter. Wannan umurni ba ya ɗora kome, jerin kayan da ke rumbu kawai ya ke sabuntawa. In ya gama sai a rubuta:

sudo apt install vlc

Kwamfuta za ta jera abubuwan da VLC ke bukata, ta faɗi yawan megabait da za a sauke, ta tambaya ko a ci gaba. A duba yawan nan a auna da datar da ke akwai, sa'an nan a buga y a danna Enter. In rubutu ya daina gudu, shi ke nan, an gama. Mai amfani da Fedora shi kuma sudo dnf install vlc zai rubuta, sai dai Fedora tana tsantseni kan kodek masu rajista, waɗansu sai an ƙara wani rumbu mai suna RPM Fusion.

Akwai kuma waɗansu hanyoyin ƙunshe manhaja guda biyu, Snap da Flatpak, waɗanda mai nema zai ci karo da su a cikin jerin. Su ma halal ne, ba laifi. Amma suna zuwa da kayan aikinsu daban, saukewar farko na iya cin ɗaruruwan megabait. Wanda ke lissafin data ya tsaya ga apt.

Saura abu guda. Don kowane bidiyo ya riƙa buɗuwa da VLC, a danna fayil guda da maɓallin dama na linzami, a nemi Open With, a zaɓi VLC, a nuna cewa kullum ita a ke so. A maimaita wa kowane irin mazubi sau guda.

INDA BABU INTANET

Makarantu da yawa ba su da intanet, waɗansu kuwa suna da kwamfuta goma amma datar guda ɗaya ce. Ba dole kowace ta sauke nata ba. A ɗauki kwamfuta guda, wadda ba a taɓa ɗora mata VLC ba, a kai ta inda a ke samun intanet, bayan an sabunta jerin a rubuta:

sudo apt-get install --download-only vlc

Wannan zai sauke ƙunshe-ƙunshen duka ya ajiye su a jakar /var/cache/apt/archives. A kwafe duk fayilolin da ke ƙarewa da .deb zuwa filashi. A kowace kwamfuta a buɗe taminal daga cikin jakar da su ke, a rubuta sudo dpkg -i *.deb a danna Enter. Sharaɗi dai shi ne kwamfutocin su zama Linux iri guda ce a kansu, fitowa guda, an kuma ɗora ta daga filashi guda. In aka haɗa makarantun gunduma aka tsai da iri guda, malami guda ya isa ya zaga da filashinsa ya gama da su duka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

GUDANAR DA ITA A AJI

Bambancin majigin da da na yanzu shi ne, na da in ya tashi sai ya kai ƙarshe, mai bayani yana binsa da gudu. Na yanzu kuwa malami ke riƙe da linzaminsa. Bidiyon da aka kunna aka bar yara suna kallo malam yana gyara littattafai, wannan ba darasi ba ne, hira ce. Darasi shi ne a tsaya, a tambaya, a koma baya. Ga maɓallan da suka kamata a hardace.

Dogon maɓallin nan na tazara shi ke tsai da bidiyo, shi ke kuma sake ta da shi. Harafin F ya cika allo, Esc ya mai da shi. M ya kashe murya, don malami ya yi bayani da bakinsa bisa hoto. Ctrl da kibiyar hagu ko ta dama suna tsallake minti guda, Alt da kibiya daƙiƙa 10, Shift da kibiya daƙiƙa 3. Harafin E yana matsar da bidiyo hoto guda kacal, abin da malamin kimiyya zai so in yana nuna yadda ɗigon ruwa ke faɗuwa, ko yadda tsuntsu ke kaɗa fiffike. Baka mai kusurwa ta hagu tana rage gudu, ta dama ta ƙara, alamar daidai kuwa ta mai da shi yadda ya ke. Malamin Turanci ko Larabci zai amfana da wannan wajen koyar da lafazi. Shift da S suna ɗaukar hoton abin da ke allo, a buga shi a takarda a raba. Daɗin daɗawa, in an shiga View aka zaɓi Advanced Controls, wani maɓalli zai fito mai A da B. A danna shi a farkon jimla, a sake dannawa a ƙarshenta, sai ta yi ta maimaituwa har yara su riƙe.

In akwai furojekta ko babban talabijin, da waya za a haɗa. Wayar HDMI tana ɗauke da hoto da murya, amma tsohuwar nan mai shuɗin kai, VGA, hoto kaɗai ta ke kaiwa, sai an nemi lasifika daban. VLC ta kan bari a ƙara murya fiye da 100, amma a yi hankali, murya na dishewa, ƙananan lasifikokin kwamfuta kuma suna wahala.

RUBUTA FASSARA DA HAUSA

Galibin finafinan ilmi da Turanci su ke. Aikin da mai bayani ke yi a da, malami na iya yinsa a rubuce sau guda ya amfani makarantu ɗari. A buɗe manhajar rubutu maras ado, a rubuta lambar layi, da lokacin farawa da na ƙarewa, da maganar, sa'an nan a bar layi guda fayau, kamar haka:

1
00:00:05,000 --> 00:00:09,000
Ƙwan sauro a cikin ruwan da ya kwanta ya ke ƙyanƙyashewa.

Ma'ana, daga daƙiƙa ta 5 zuwa ta 9 wannan jimla za ta bayyana a ƙasan hoto. Haka za a yi ta yi har ƙarshe. A ajiye fayil ɗin da suna daidai da na bidiyon, sai dai ƙarshensa ya zama .srt, a sa su a jaka guda, VLC za ta ɗauko shi da kanta. Wajen ajiyewa a tabbata tsarin haruffan UTF-8 ne, don shi ke kiyaye ɓ da ɗ da ƙ, kada ƙasa ta koma kasa. In rubutun ya riga magana ko ya makara, haruffan G da H suna daidaita shi. Muna ganin wannan aiki ne da ya dace da ɗaliban kwalejojin horon malamai, kowa a ba shi fim na minti biyar ya fassara, a duba, a tara.

IN ABU YA ƘI

In murya na fita amma allo ya yi baƙi ko kore, a shiga Tools, sa'an nan Preferences, sa'an nan Input / Codecs, a nemi inda aka rubuta Hardware-accelerated decoding a mai da shi Disable, a rufe VLC a sake buɗewa. In hoto yana tsinkewa kamar mota mai tari, galibi bidiyon ne ya fi ƙarfin tsohuwar kwamfutar, musamman in H.265 ne mai girma. Maganinsa a shiga Media a zaɓi Convert / Save, a juya shi zuwa H.264 tun da dare, ko kuwa tun wajen saukewa a zaɓi mai tsawon ɗigo 720 ko 480, wanda ya ishi aji. In baki na motsi murya na zuwa daga baya, haruffan J da K suna gyara wannan kaɗan kaɗan. In an haɗa HDMI murya ta ɓace, ba VLC ce da laifi ba, a shiga saitin murya na kwamfuta a zaɓi inda a ke so ta fita. Duk wannan a gwada shi kwana guda kafin darasi, a ɗakin da za a yi, da wutar da za a yi da ita. Ba a fafe gora ranar tafiya.

MAGANAR AMANA

Kasancewar VLC kyauta ce bai mai da kowane fim kyauta ba. Masu shirya finafinai, na Kano da na ko'ina, guminsu ne, Nijeriya kuwa tana da dokar haƙƙin mallaka ta 2022 da ke kare su. Malamin da ke hana yara satar amsa bai kamata ya koyar da kayan sata ba. Akwai ma'ajiyoyi irin su Wikimedia Commons da masu su suka yarda a ɗauka a nuna, akwai kuma abin da malami zai ɗauka da wayarsa, kamar aikin marina, ko maƙera, ko yadda a ke awon gona. Kuma kada a nuna wa yara abin da malam bai kalla da kansa daga farko har ƙarshe ba.

Kwamfutocin nan da ke kwance da dukiyar jama'a aka saye su, barinsu su ruɓe kuwa hasara ce da za a tambaye mu. Muna roƙon kowane shugaban makaranta da babban akawu ya sa a ƙirga su, a ware masu tashi, a gwada guda ɗaya kawai yadda muka bayyana. In ta yi, a koya wa malami biyu, kada ilmin ya tafi ranar da aka yi wa mutum guda canjin wurin aiki. Allah ya sa mu dace, amin.